Yadda ake zaɓar sandunan riƙe aksil ga a-kori-kurar tsere

A tseren miƙe, inda ake tashi daga tsaye a ci mita 201 ko 402, mita 18 na farko ke raba gardama. Nan kuwa a-kori-kura take da rauni: gaba nauyi, baya fayau, ga sifirin mai ganye wanda aka yi don dakon buhuna. Da ka saki kuloci, taya za ta juya gaba, kwanson aksil kuma ya nemi juyawa baya. Hancin aksil, wato inda farfela ta haɗu da shi, sai ya ɗaga sama, ganyen sifirin ya lanƙwashe, taya ta kuɓuce, sifirin ya dawo da ƙarfi kamar an tanƙwara tsumagiya an saki, taya ta sake kama ƙasa. Haka zai yi ta yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan tsallen taya shi ke fasa kuros, wato gaɓar farfela mai siffar giciye, ya tsinke shaf ɗin taya, ya kakkarya haƙoran aksil. Aikin sandar riƙe aksil, wadda masu sayar da kaya ke kira "tirakshin ba" (traction bar), shi ne ta hana kwanson juyawa, ta mai da ƙarfin nan ya danna taya a ƙasa.

Kaurin sanda da kyan fentinta ba su ne abin dubawa ba. Zaman sifirin motarka, ƙarfin da ke isa aksil, da aikin da motar ke yi in ba ranar tsere ba, su za su zaɓa maka.

Kayan da za ka tanada

- Tef ɗin awo, alli ko maka, da takardar rubuta awo
- Ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu. In babu, manhajar awon kusurwa ta waya ta wadatar
- Waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, da abin ɗaure ta a jikin shasi
- Jak mai ƙarfi da ƙafafun tokare mota na ƙarfe guda huɗu
- Sifanu da soket, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri
- Injin huda da giranda
- Sababbin yu-bolt (kusoshi masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil), da kusoshi masu lamba 10.9
- Kwali mai kauri don yanka samfurin maƙalai
- Na'urar awon lokaci ta GPS irin Dragy, ko manhajar waya mai wannan aiki

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka tokare ta da bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

1. Leƙa ƙarƙashin motar tukuna

Sandunan nan na mota mai sifirin ganye ne. Hilux, L200, D-Max, yawancin Ranger da F-150, da Tundra har zuwa ta 2021 duk ganye gare su a baya. Tundra daga 2022, Ram 1500 daga 2009, Ranger Raptor da wasu Navara kuwa sifirin naɗi ne da hannuwa masu riƙe aksil tun daga kamfani. In irinsu gare ka, gyaranka yana kan bushin hannuwan da shokazoba, ba sai ka sayi sanda ba.

Sai ka duba zaman sifirin: bisa aksil yake ko ƙarƙashinsa? Mafi yawan masu tayoyi huɗu na ja, sifirinsu a sama yake, kuma su suka fi murɗewa, domin tazarar da ke tsakanin ganye da inda taya ta taɓa ƙasa ta fi yawa. Idan an cusa bulok ɗin ɗaga mota tsakanin aksil da sifirin, abin ya ƙara lalacewa. Motar tsere ba ta da buƙatar bulok, a cire shi.

2. Gyara abin da ya mutu kafin ka kashe kuɗi

Mutane da yawa suna sayen sanda alhali ciwon yana wani wuri. Duba bushin idon sifirin na gaba (naɗaɗɗen bakin ganye inda kusa ke shiga) da na shakul (ƙarfen lilo da ke riƙe bakin sifirin na baya): robar da zafin Afrilu ya gasa ta tsattsage ba ta riƙe komai. Duba babban ganye ko ya kwanta ko ya tsage kusa da senta bolt, kusar da ta haɗa ganyen a tsakiya. Cire shokazoba ka ja ta da hannu. In ta miƙe ba tare da turjiya ba, ta gama aiki, kuma ita kaɗai tana iya kawo tsallen taya. Girgiza farfela ka ji ko kuros ko senta beyarin suna wasa.

Akwai matsalar da sanda ba ta magani sam. Idan taya ɗaya ce ke juyawa tana hayaƙi ɗayar na tsaye, aksil ɗinka buɗaɗɗe ne, abin da kake nema shi ne mai kulle tayoyin biyu ko LSD, wanda ke rage zamewar taya ɗaya.

3. Ga murɗewar da idonka, ka kuma yi lissafi

Ɗaure waya a jikin shasi tana kallon hancin aksil da rabin sifirin na gaba, nesa da salansa. Ja layin alli a gefen taya. Tashi sau biyu ko uku kamar yadda za ka tashi a tsere, sannan ka kalli bidiyon a hankali. Za ka ga iya ɗagawar hancin, da ko ganyen yana buɗewa a gaba, da ko layin allin yana tafiya sumul ko yana tsayawa yana fizga.

Lissafin kuwa ba wuya: ƙarfin murɗar inji, sau giya ta ɗaya, sau giyar aksil. Ɗauki Tundra mai injin 5.7. Injin yana ba da kusan Nm 540, giya ta ɗaya 3.33, aksil 4.30. Abin da ke isa tayoyi ya kai wajen Nm 7,700, kafin ma a sa ƙarin da kwanbatar giyar otomatik ke yi a lokacin tashi. Duk wannan ƙarfin kwanson aksil yake mayar wa sifirin. Hilux mai injin fetur 2.7 tana ba da kusan Nm 245 ne, ta dizal 2.8 kuwa takan kai 500 a sababbi masu otomatik. Ka ga sandar da ta ishi mai 2.7 wasa ce ga mai 2.8. In an taɓa kwamfutar inji ko an ƙara tabo (turbo), yi lissafi da sabon ƙarfin.

4. Zaɓi irin sandar

Iri huɗu ne a kasuwa, kuma ba a kowace mota suke aiki daidai ba.

Na farko ita ce mai mari, irin ta Lakewood. Gajeren ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ake ɗaurawa ƙarƙashin sifirin a mazaunin yu-bolt, ya miƙa gaba, da dunƙulen roba a bakinsa. Da aksil ya fara juyawa sai robar ta daki idon sifirin ta tsayar da shi. Ta fi arha, kowane mai walda zai iya yin ta. Amma ta fi dacewa da mota mara ƙarfi sosai wadda sifirinta ke ƙarƙashin aksil. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanke ta gajera, robar ta riƙa dukan tsakiyar ganye maimakon ido. A hankali sai ganyen ya lanƙwashe ko ya karye daidai wurin. Tana kuma rage tsayin mota daga ƙasa, ga tudun rage gudu a kowace unguwa.

Na biyu ita ce mai faranti mai juyawa, wadda CalTracs na kamfanin Calvert Racing na Amurka ta yi suna a kai. Sanda ce ke tasowa daga ƙasan aksil zuwa wasu farantai biyu da ke lilo a kan kusar idon sifirin na gaba. Idan aksil ya turo sandar, farantan sai su juya, wani ƙarfe ya danna bayan ganyen daga sama. Sifirin ba ya samun damar lanƙwashewa, taya kuma ta nutse a ƙasa. Ga motar da tsere ne babban aikinta, wannan nake zaɓa ba tare da wani tunani ba, domin tana karɓar saiti: akwai huda biyu a faranti, ga kuma sandar da ake murɗawa a ƙara matsi ko a rage. Aibinta, ana cire bushin roba na idon gaba a sa na alminiyam, sai ƙarar hanya ta ƙaru, tafiya ta yi tauri. Ba ta son kaya masu nauyi a baya.

Na uku doguwar sanda ce tilo a kowane gefe, daga maƙali ƙarƙashin aksil zuwa jikin shasi can gaba. Ita manyan motocin dizal suka fi amfani da ita. Tana jure ƙarfi mai yawa, kuma in an auna ta daidai ba ta hana ɗaukar kaya. Matsalarta ɗaurewa: sifirin yana da nasa zagayen idan yana hawa da sauka, sanda na da nata. In ba su yi daidai ba sai su riƙa jan juna, bayan mota ya sandare, daga baya maƙali ya tsage ko shasi ya yage. Gwargwadon tsawonta gwargwadon sauƙin wannan matsala. Gajerar sanda mai kallon sama sosai tana dukan taya da ƙarfi a tashi ɗaya sannan ta sake ta, abin da ba ka so a kwalta mai ƙura.

Na huɗu mai siffar tsani ce: ƙarfe biyu da suka kama aksil sama da ƙasa, suka haɗe a gaba, aka rataya bakin a kan shakul. Kama biyun nan ke hana juyawa, shakul kuma ya bar aksil ya matsa gaba da baya yadda sifirin ke so. Ga motar da ke zuwa Illela ko Wurno daga nan Sakkwato da kaya a ranakun mako, ta shiga tsere lokaci-lokaci, ita ta fi kwanciyar hankali. Guda ɗaya kusa da tsakiyar aksil takan wadatar. Sai dai ba ta danna taya kamar ta biyu. A kula da wannan sosai: shakul yana aiki ne kawai idan sandar ta kama aksil a wuri biyu. Wanda ya sa shakul a bakin sanda tilo ya yi aikin banza, domin aksil zai juya abinsa, sandar ta bi shi tana lilo.

5. Yi awo kafin ka yi oda ko ka je wurin mai walda

Ajiye motar a daben da ya miƙe, tayoyi a ƙasa, tanki rabi, mutum mai nauyinka a kujerar direba. Rubuta faɗin ganye, faɗin cikin idon sifirin, kaurin kusar idon, kaurin bututun aksil, da tazara daga senta bolt zuwa tsakiyar idon gaba. Ganyen Hilux milimita 60 ne, na manyan motocin Amurka inci biyu da rabi ko uku. Saboda haka kada ka ga an rubuta Toyota a jikin kwali ka ɗauka zai hau taka. Tura wa mai sayarwa awonka da hoton ƙarƙashin motar kafin ka biya. Kayan da aka yo odarsu daga waje ba a mayar da su cikin sauƙi.

Idan doguwar sanda za ka yi, ga yadda ake gano mazauninta na gaba. Sa alama inda kusar baya za ta zauna ƙarƙashin aksil. Sa alamomi uku ko huɗu a jikin shasi, a layin da zai sa sandar ta tafi kusan kafaɗa da kafaɗa da farfela. Auna tazarar kowace alama sau uku: mota na zaune haka nan, an ɗaga shasi tayoyi na reto, sannan an loda mata buhunan siminti ko yashi har ta zauna. Alamar da awonta uku suka fi kusa da juna ita ce wurin. In mafi kyawunsu ya bambanta da fiye da milimita 6, ni dai sai in bar sanda tilo in koma mai tsani da shakul.

Duba kuma hanyar da sandar za ta bi: tankin mai, salansa, tiyon birki, wayar ABS, wayar birkin hannu. Kada wani sashe ya sauka ƙasa da bakin rim, domin in taya ta fashe a guje ƙarfen ne zai fara cakar kwalta.

6. Ƙarfe, gaɓoɓi da kusoshi

Sandar da ke ƙarƙashin aksil turawa ake yi mata a lokacin tashi, kuma dogon bututu in an tura shi lanƙwashewa yake yi. Ga sandar da ta haura mita 1.2, nemi bututu marar ɗinki ko wanda ake kira DOM, faɗi milimita 45 zuwa 50, kaurin bango milimita 6. Gajera tana iya zama milimita 38 da bango 5. Bututun ruwa na famfo da ƙarfen ƙofa ba su da gurbi a nan. In ba ka samu a Sakkwato ba, a nemo a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a je da ma'auni a hannu. Maƙalai a yanka su daga faranti mai kaurin milimita 8 zuwa 10, kunne biyu, kusa ta ratsa ta tsakiya. Kunne ɗaya yakan tanƙware.

Gaɓa iri biyu ce. Rod-en mai ƙwallon ƙarfe ba ya wasa ko kaɗan, shi ya fi a tsere, amma ƙurar hunturu tana cinye shi, ya fara ƙwanƙwasa. Bushin foliyuretan ya fi haƙuri da shiru, sai dai yana ɗan bayarwa. Haɗin da ya fi dacewa da garin nan shi ne rod-en a wajen aksil da rigar roba a kansa, bushi a wajen shasi. In duka bakin biyu rod-en ne, ɗaya ya zama mai zaren dama ɗaya na hagu, don ka iya murɗa sanda ta tsawaita ba tare da ka kwance ta ba. Zaren da ya shige cikin bututu kada ya gaza kaurinsa sau ɗaya da rabi, kuma kowanne da notin kulle.

Kusoshi M16 ko M20, lamba 10.9 a kai. Na Amurka kuwa mai zane shida a kai. Santsin jikin kusar ne ya kamata ya zauna cikin huda, ba zaren ba. Yu-bolt da aka taɓa ɗaurewa ya miƙe, ba a mayar da shi.

7. Ɗaurawa

Cire kan batir kafin walda, a kare tanki da tiyon birki da jiƙaƙƙen buhu. Kafa komai da ɗigon walda tukuna, mota na zaune kan tayoyinta, a ɗaga a sauke a ga babu inda ya ɗaure. A kan bututun aksil ana walda ne kaɗan-kaɗan, santimita biyu zuwa uku, a koma ɗaya gefen, a bari ya huce da kansa. Wanda ya zuba walda a jere zai karkatar da bututun, beyarin da sil su riƙa mutuwa ba a san dalili ba. In ba ka yarda da hannun mai waldan ba, maƙalin da ake ɗaurewa da yu-bolt ya fi.

A jikin shasi, huda ta gefe ka ɗaure da kusoshi da farantin tallafi a baya. Inda shasin akwati ne, a sa guntun bututu a ciki don kada ɗauri ya matse shi. Kada a huda ko a yi walda a giciye kan leɓen sama ko na ƙasa, daga nan tsaga ke farawa. Ɗaurin ƙarshe na duk kusar da ke da bushi, sai mota na ƙasa.

8. Daidaita kusurwar hancin aksil

Auna karkatar farfela, sashen baya in guda biyu ce, sannan ka auna ta hancin aksil. Ana son hancin ya ɗan sunkuya ƙasa da layin farfela, don in ƙarfi ya ɗaga shi su miƙe tare. Sifirin da ba shi da sanda, ko mai mari, yakan so digiri 5 zuwa 7. Da mai faranti, 2 zuwa 4 sun isa. Da mai tsani, 1 zuwa 2. Ana gyarawa da siririn ƙarfe mai gefe ɗaya kauri da ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa. Na ƙarfe za ka sa, na alminiyam yana fashewa, kuma ka tabbatar kan senta bolt ya shiga raminsa sosai. Kada ka murɗa sanda don ka tilasta kusurwa, sifirin kake wahalarwa. Idan mota ta fara kakkarwa a gudu bayan aikin, nan za ka fara dubawa.

9. Gwaji da saiti

Gwajin a rufaffen wuri ake yinsa da izinin mai shi, da hular kwano da bel. Baifas da hanyar Bodinga cike suke da babura, Keke Napep da dabbobi, ba wurin gwada tashi ba ne. A share yashin da ke kan layin tashi. A sa zoben ƙarfe ya kewaye farfela cikin santimita 15 daga kuros na gaba, don in ya fashe kada ta caki ƙasa ta ɗaga motar.

Fara da saiti mai laushi, direba na zaune a ciki. Mai mari: tazarar milimita 10 zuwa 12 tsakanin roba da ido a hagu, ƙasa da haka kaɗan a dama. Mai faranti: sanda a hudar ƙasa, a murɗa har ƙarfen ya taɓa ganye, a ƙara kwatan juyi. Hudar sama tana dukan taya da ƙarfi, ta fi dacewa da filin da aka shafa wa gam da tayoyin tsere. A kwaltarmu sau da yawa sai ta sa taya ta kama ta sake. Doguwar sanda: kusa ta shige da hannu ba tare da duka ba, babu matsi.

Lokacin mita 18 na farko za ka riƙa rubutawa, kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane tashi. Juyin farfela yana sauke nauyi daga tayar baya ta dama, shi ya sa mota kan ja dama. In ta yi haka, ƙara kwatan juyi a sandar dama. In ta ja hagu, rage. In taya ta kama sannan ta kuɓuce bayan mita biyu ko uku, dukan ya yi yawa ko shokazoba na saurin miƙewa: rage matsi, ko ka sa mai tauri. In tana juyawa tun daga farko ba tsalle, sanda ta yi aikinta, saura iskar taya da ƙafarka. Rage iska da fam (PSI) biyu-biyu, ka sassauta tashi, ka kuma mai da batir ko ɗan nauyi bayan aksil a ɗaure shi da kusoshi. Kwaltar azahar a watan Afrilu da ta safiyar hunturu ba ɗaya ba ce, don haka kwatanta lokutan da aka ɗauka a yanayi iri ɗaya kawai.

Bayan tashi biyar na farko, sake bin yu-bolt da notin kulle da sifana, haka ma bayan tafiyar kilomita 100. Goge waldar maƙalai ka duba da tocila. Siririn layin tsatsa a gefen walda tsaga ce ta fara. Rod-en mai rufin teflon ba a sa masa giris, goge shi ake yi, domin giris yana tara yashi ya zama abin gogewa. In motar za ta koma dakon kaya, sassauta mai faranti har ƙarfen ya bar ganye da 'yar tazara, ka rubuta yawan juyin da ka kwance don ka mayar ranar tsere.